'Yan Rakiyar Maganin Ƙwannafi da Gyambon Ciki

An shirya wannan darasi domin jama'ar ƙasar Haɗeja, watau manoman fadama, da masunta, da makiyaya, da masu shagunan magani na kasuwannin ƙauye, da kuma malamai waɗanda za su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Daga Auyo har Guri, daga Kafin Hausa har Birniwa, da wuya a shiga unguwa a rasa mai kukan ƙwannafi, ko ciwon nan da a ke kira olsa, watau gyambon ciki. Kukan ya kan yawaita lokacin azumi, da lokacin aikin shinkafa, sa'ad da mutum ya kan wuni a gona bai sa kome a bakinsa ba sai goro. Saboda haka maganin wannan ciwo yana cikin waɗanda a ke yawan saye. Amma kaɗan ne cikin masu shansa su ka san ƙwayar da su ke haɗiya ba magani kaɗai ta ƙunsa ba.

1. Amarya da 'yan rakiya

Kowa ya sani amarya ba ta zuwa gidan miji ita kaɗai. Akwai masu riƙe ta, akwai masu ɗaukar kaya, akwai masu guɗa. Haka magani ya ke. A cikin kowace ƙwaya akwai ainihin maganin, wanda shi ke yaƙi da ciwo, sa'an nan akwai waɗansu abubuwa da a ka haɗa shi da su domin su riƙe shi, su tsare shi daga lalacewa, su kai shi inda zai yi aiki. Su ne a cikin wannan darasi za a kira 'yan rakiya.

Sau da yawa 'yan rakiya sun fi amarya yawa. Ainihin maganin da ke cikin kafson omefirazol na kullum miligiram 20 ne kurum, watau kashi ɗaya cikin hamsin na giram guda, abin da ba zai rufe bakin farce ba. Sauran abin da ido ke gani duk rakiya ce. A shekarar 2019 waɗansu masana na Amurka, daga makarantar kimiyya ta MIT da wani babban asibiti na birnin Boston, sun bincika magungunan sha fiye da 42,000. Su ka tarar kashi 93 cikin ɗari suna ɗauke da aƙalla abu guda wanda jikin wani mutum zai iya ƙi, kusan kashi 45 suna da sukarin madara, kusan kashi 33 kuma suna da launi na rini. Ba a faɗi wannan domin a tsorata kowa ba, gama yawancin mutane ba abin da 'yan rakiya ke yi musu sai alheri. An faɗa ne domin wanda ke da wani ciwo na dabam ya san abin da zai tambaya.

2. Iri uku na maganin

Tumbin mutum yana fid da wani ruwa mai tsami ƙwarai, shi ke taimakon narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta. In wannan ruwa ya hau maƙogwaro, shi ne ƙwannafi. In kuwa ya sami rauni a bangon tumbi ko a farkon hanji ya yi ta ci, shi ne gyambo. Magungunan da ke rage tsamin nan iri uku ne.

Na farko su ne masu kashe tsamin da ya riga ya fito. Cikinsu akwai farin ruwan nan da a ke kira Mist Mag, da Gestid, da Gaviscon, da ƙwayoyin taunawa. Suna aiki nan da nan, amma aikin ba ya daɗewa.

Na biyu su ne masu rage fitar tsamin, kamar simetidin, wanda ya fito a Ingila a 1976, da famotidin.

Na uku su ne masu rufe maɓuɓɓugar tsamin kanta. Babbansu shi ne omefirazol, wanda kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ya fito da shi a 1988 da sunan Losec. Yanzu kamfanoni da yawa na ƙasashe dabam dabam suna yinsa. Ainihin maganin ɗaya ne, amma kowane kamfani da 'yan rakiyar da ya zaɓa. Wannan yana cikin dalilan da su ka sa mutum ya kan sha na wani kamfani lafiya lau, ya sha na wani kuma jikinsa ya yi ƙaiƙayi.

3. Aikin kowane ɗan rakiya

Akwai masu cika jiki, domin ƙwaya ta yi girman da za a iya ɗauka da yatsu. Galibi sitacin masara ne, ko sukarin madara wanda a ke kira laktos, ko garin da a ke samu daga itace.

Akwai masu ɗaurewa, don kada gari ya watse. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu shi ne ƙaro, irin wanda a ke tsinta a jikin dakwara a Jigawa da Yobe da Borno, a kai shi ƙasashen waje, a tace, ya shiga cikin magunguna da alewa. Mai yiwuwa ne ƙaron da yaro ya tsinto a daji ya koma wa mahaifinsa cikin kwalin magani.

Akwai masu fasa ƙwaya in ta taɓa ruwa. Sitaci ya kan sha ruwa ya kumbura, sai ƙwayar ta tarwatse, maganin ya fita. In babu su, ƙwaya tana iya bi ta ciki ta fita yadda ta shiga.

Akwai masu sa santsi, domin kada gari ya manne wa injin da ke buga ƙwayoyi. A kan yi su da man itatuwa ko kitsen dabba.

A cikin maganin ruwa kuwa akwai masu sa kauri don kada garin ya kwanta da sauri, da masu zaƙi kamar sukari da sakarin da sobitol, da mai ƙamshi kamar na'ana'a, da masu hana ruɓa waɗanda a ke kira faraben. Daga ƙarshe akwai launi, da ɓawon kafso wanda galibi da jelatin a ke yinsa.

4. Rigar omefirazol

A nan ne babban darasin ya ke. Omefirazol maganin tsami ne, amma shi kansa tsami na kashe shi. In ya faɗa cikin ruwan tumbi tsirara, zai lalace kafin ya yi wani amfani. Hanyarsa ita ce ya wuce tumbi lafiya, ya isa ƙaramin hanji, ya shiga jini, sa'an nan jini ya komo da shi bangon tumbi ta baya, ya rufe ƙofofin da tsami ke fitowa.

Domin haka masu yinsa su ka yi dabara. Wanda ya buɗe kafso zai ga 'yan ƙananan ƙwayoyi farare kamar tsabar gero. A tsakiyar kowace akwai ɗan ƙwallon sukari da sitaci, an shafe shi da magani, sa'an nan an sa masa riga wadda ba ta narkewa cikin tsami, sai ta isa hanji inda tsami ya ragu. Wannan riga ba ta warkar da kome, amma in babu ita maganin ya tashi a banza.

To, wanda ya tauna 'yan ƙwayoyin nan, ko ya daka su, ya yage rigar ke nan, ya yi hasarar kuɗinsa, ciwonsa kuma yana nan. Haka kuma wanda ya zuba su cikin shayi mai zafi, ko madara, ko kunun kanwa, gama kanwa kishiyar tsami ce, tana iya narkar da rigar tun a cikin kofi. Tsoho ko majinyacin da ba ya iya haɗiye kafso, a buɗe masa, a zuba 'yan ƙwayoyin cikin ruwan sanyi kaɗan, ya haɗiye ba tare da taunawa ba, ya kora da rabin kofin ruwa, kada kuma a bar haɗin ya wuce rabin sa'a. In omefirazol ɗin dunƙulalliyar ƙwaya ce mai riga, kada a raba ta biyu sai in takardar da ke cikin kwali ta yarda. Lokacin da ya fi dacewa a sha shi kuwa shi ne kamar rabin sa'a kafin abinci.

5. Waɗanda ya kamata su yi hattara

Masu hawan jini da ciwon zuciya da ciwon ƙoda. Abokin gabansu shi ne sodiyam, watau sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 2 na sodiyam a yini, daidai da giram 5 na gishiri, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya. A cikin haɗin Mist Mag da a ka saba, ƙaramin cokali biyu suna ɗauke da sodiyam wajen miligiram 140, Gaviscon na ruwa ma kusan haka. Wanda ya sha sau huɗu a yini ya ci fiye da rubu'in rabonsa, tun bai taɓa miya ba, balle dunƙulen ɗanɗano. Garin nan da ke tafasa in an zuba shi a ruwa shi ma sodiyam ne ya cika shi. Sodiyam ɗin ba shi ke kashe tsami ba, biyo maganin ya yi, amma shi ke tara ruwa a jiki ya ta da jini.

Wannan ya shafi kanwa, wadda tun zamanin fatake a ke kawowa daga ƙasar Manga da gefen Tabkin Cadi, mutane kuwa su kan jiƙa ta su sha in ciki ya ɓaci. Gaskiya ne tana kashe tsami. Amma ba ta da awo, wata ta fi wata ƙarfi, kuma tana tafe da gishiri da ƙasa. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, su ka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan ruwan zafi da kwanciya bisa gadon wuta. Mai ciki da mai jego da mai kumburin ƙafafu su nisanci jiƙon kanwa, su nemi shawarar asibiti kafin su sha maganin ƙwannafi kowane iri.

Masu ciwon sukari. Waɗansu ƙwayoyin taunawa kowace ɗaya tana da sukari kusan rabin giram. Ɗaya ko biyu ba wani abu ba ne, amma wanda ya mai da su kamar alewa yana ƙara wa kansa abin da likita bai lissafa ba. Akwai irin da ba su da sukari, sai a tambaya.

Masu saurin zawo. Sobitol yana jawo ruwa cikin hanji, in ya yi yawa sai kumburin ciki da gudawa. Magungunan da ke da maganiziyam su ma suna sakin ciki. In biyun nan su ka haɗu a kwalba ɗaya, mutum ya kan zaci wata sabuwar cuta ce ta kama shi, alhali kuwa kwalbar ce.

Waɗanda madara ke ɓata wa ciki. Binciken da a ka yi a Nijeriya a ka buga a 1971 ya nuna yawancin Fulani makiyaya suna narkar da sukarin madara har girmansu, amma a waɗansu ƙabilu yawancin manya ba su iyawa. Duk da haka kada a damu ainun. Kofin madara ɗaya yana da laktos wajen giram 12, na cikin ƙwaya kuwa galibi bai kai rubu'in giram ba. Sai wanda ke shan ƙwayoyi iri iri a yini, ko wanda abin ya yi wa tsanani, shi ne zai gaya wa likita.

Masu asma da masu saurin ƙaiƙayi. Launin rawaya mai suna tatirazin, da wani mai ruwan lemo, da faraben, su kan sa wa mutane ƙalilan ƙuraje da ƙaiƙayi. In bayan shan magani leɓe ko fuska ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a daina sha, a tafi asibiti nan take, a tafi da kwalin.

Masu tambaya game da jelatin. Ana samunsa daga fata da ƙashin dabbobi, wani na shanu, wani na alade, wani na kifi, kuma ba kullum a ke rubuta asalinsa ba. A 1995 wani taron malaman Musulunci da likitoci a ƙasar Kuwait ya yi fatawa cewa jelatin ya riga ya sāke kama ya zama wani abu dabam, saboda haka ya halatta. Akwai malaman da su ka saɓa wa wannan. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da mafita biyu: ya roƙi a ba shi maganin a dunƙulalliyar ƙwaya, ko ya buɗe kafson ya sha 'yan ƙwayoyin kamar yadda a ka bayyana a sama. Abin da ba shi da kyau shi ne ya bar magani gaba ɗaya gyambo ya ci gaba da cinsa.

6. In ɗan rakiya ya zama maƙiyi

Maganin ruwa ya kan ƙunshi gilisarin, ko sobitol, ko wani ruwa mai kauri da ke narkar da magani. Akwai wata guba mai suna dayetilin gilaikol, wadda a ke amfani da ita a masana'antu. Ta yi kama da su a ido, tana da ɗan zaƙi, ta kuma fi su araha, amma tana kashe ƙoda. A 1990 ta shiga maganin zazzaɓi na ruwa, yara 109 su ka mutu a Jos da Ibadan. A 2008 zuwa farkon 2009 ta shiga maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, yara 84 su ka rasu, cikinsu har da waɗanda a ka kwantar a Zariya. A 2022 kuma yara kusan 70 su ka mutu a ƙasar Gambiya saboda maganin tari da mura. Waɗannan ba magungunan ƙwannafi ba ne, amma darasin ɗaya ne, gama a duk wuraren nan ainihin maganin ba shi da laifi, ɗan rakiya ne ya yi kisa. Mai saye ba ya iya gane wannan da ido ko da harshe. Garkuwarsa kaɗai ita ce ya sayi abin da hukumar NAFDAC, wadda a ka kafa a 1993, ta yi wa rajista, daga shago mai lasisi. Farin ruwan da a ke ɗurawa cikin tsohuwar kwalba ba suna ba kwanan wata, a na tallansa ranar kasuwa, ba wanda ya san abin da ke ciki. Araha ba ta ado.

7. Zafin bazara da laimar damina

A jikin yawancin kwalaye an rubuta a ajiye magani inda zafi bai wuce digiri 30 ba. A ƙasar Haɗeja kuwa zafin watan Afrilu da Mayu ya kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Zafi yana tausasa ɓawon kafso, yana raunana masu hana ruɓa. Laima kuma ta fi zafi ɓarna ga omefirazol, in ta shiga sai 'yan ƙwayoyin su manne, farinsu ya juya zuwa ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi. Irin wannan ya lalace.

Labarin ranitidin, wanda a ka fi sani da Zantac, ya isa gargaɗi. Ya fito a 1981, ya yi shekaru yana cikin magungunan da a ka fi saye a duniya. A watan Afrilu na 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a janye shi daga kasuwa, domin an tarar wani sinadari da a ke zargi da jawo ciwon daji yana ƙaruwa a cikinsa in ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi. Wanda ya tarar da tsohon katinsa a ƙasan akwati kada ya sha.

Sa'an nan ga ambaliya. A 2020 da 2022 Kogin Haɗeja ya cika ya batse, ruwa ya shiga gidaje da gonaki a garuruwa da yawa na masarautar. Duk maganin da ruwan ambaliya ya taɓa a rabu da shi, ko da an shanya ya bushe, kuma a zubar inda yara da dabbobi ba za su kai ba.

8. Karatun kwali

A duba abu huɗu: sunan ainihin maganin da nauyinsa, da lambar NAFDAC, da ranar da zai daina aiki, da jerin 'yan rakiya. Jerin ya kan zo a takardar da ke cikin kwali, ƙarƙashin kalmar Turanci Excipients. Waɗansu kamfanoni ba su lissafa su, sai su rubuta kalmar su bi ta da haruffa q.s., ma'ana an zuba gwargwadon bukata. Waɗansu kuma su kan sa lamba maimakon suna. E102 shi ne tatirazin, E110 launin ruwan lemo, E216 da E218 faraben, E420 sobitol. Wanda ya sayi ƙwaya biyu da a ka yanko daga kati ya rasa duk wannan bayani, saboda haka ya roƙi mai shago ya nuna masa kwalin. Matambayi ba ya ɓata.

9. Abubuwan kiyayewa

(a) Kada a tauna ko a daka abin da ke cikin kafso.

(b) A girgiza kwalba sosai kafin a zuba, a auna da cokali. Kada a kafa kai a bakin kwalba, kada kuma a ƙara mata ruwa domin ta yi auki, gama yin haka yana karya ƙarfin masu hana ruɓa.

(c) A bar kafso cikin katinsa sai lokacin sha. A ajiye shi a inuwa, nesa da murhu da randa, inda hannun yaro ba ya kai.

(d) Wanda wani magani ya taɓa yi wa illa ya adana kwalin, ya nuna wa likita ko mai haɗa magani duk sa'ad da ya je.

(e) Kada a wuce mako biyu a na shan maganin ƙwannafi ba tare da ganin likita ba. Tun 1982 likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ka gano wata ƙwayar cuta da ke zaune a tumbi ita ke jawo yawancin gyambo, kuma rage tsami kaɗai ba ya kashe ta. Sai an haɗa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta bisa umurnin likita.

(f) Wanda ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko abinci ya riƙa tsaya masa a maƙogwaro, ko ya ga yana ramewa ba dalili, kada ya tsaya shagon magani. A kai shi Babban Asibitin Haɗeja ko asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba.

Tambayoyi domin masu koyo

1. Mene ne bambanci tsakanin ainihin magani da 'yan rakiyarsa?

2. Don me ba a so a zuba 'yan ƙwayoyin omefirazol cikin kunun kanwa?

3. Mai hawan jini ya sha ƙaramin cokali biyu na Mist Mag sau uku a yini. Sodiyam miligiram nawa ya sha, kuma nawa ya rage masa cikin giram 2?

4. Waɗanne abubuwa huɗu ne a ke dubawa a jikin kwali?

5. Ruwan ambaliya ya jiƙa akwatin magani, amma katin bai fashe ba, kuma ya bushe. Me ya kamata mai gida ya yi?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa maƙwabcinsa, mai shago kuma ya liƙa shi inda masu saye za su gani.